Itatuwa a Gonar Aro

Malam Na Allah mutum ne da ko sannu ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Don haka ranar da mota ta sauke ɗalibai a ƙauyensu, kusa da Urafane, bai je tarba ba. An ce daga wata jami'a ta Kwatano suka zo, za su yi hutun damina suna aikin sa-kai tare da ƙungiyar matasan gari, su koyi zama da mutanen karkara, su dasa itatuwa. Kowa na murna, shi kuwa yana tambayar kansa wa zai baro bakin teku ya zo shan rana a banza.

Abin bai dame shi sosai ba sai da ya lura da inda suke yini, wato rugar Bube. Bube makiyayi ne, amininsa tun suna samari, kuma gonar da yake nomawa ta Na Allah ce. Aro ya ba shi tun ba su yi furfura ba, babu wanda ya tsaya shaida a tsakaninsu. Kullum ɗaliban na can suna shan nono suna ɗaukar hoton shanu. To shanun kaɗai suke ɗauka, ko har da gonar?

Ran kasuwar Urafane, yana dawowa a kan babur ɗin kabu-kabu, ya hango abin da ya tayar masa da hankali. 'Yan itatuwan daƙwara ne an jera su reras a kan iyakar gonar, kowanne an kewaye shi da ƙaya. A wannan ƙasa mai aron gona yana shuka hatsi da wake, ya zuba taki, ya girbe, amma ba ya dasa icce. Icce yana daɗewa, kuma duk ranar da rigima ta kai gaban maigari, abin da ake fara tambaya shi ne wa ya dasa. Ɗan Kwatano bai san haka ba. Bube kuwa ya sani sarai.

Matarsa Zara'u ta ce, "Malam, ka tahi ka tambaye shi mana, ku biyu."

Ya ce, "Ke mi kika sani? Ai wayon ke nan. Bai dasa da hannunshi ba, ya sa baƙi sun dasa, ga hoto sun ɗauka. Gobe in na mutu, ɗiyana su ji an ce gona ta Bube ce."

Ya kwana yana tono tsofaffin abubuwa. Ya tuna takin da Bube ya yawaita bara, ya tuna wata dariya da ya yi masa a masallaci. Duk abin da ya tuno sai ya ga ya zauna daram a inda yake so. Da hantsi ya biya ya ɗauki dattawa biyu, don kada a ce an yi ba a gaban kowa ba.

Suka tarar da Bube a durƙushe a bakin iyaka, yana tone itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana jera su cikin kwando da ƙasarsu. Ɗaliban na tsaye cirko-cirko. Wata a cikinsu, Nasiba, 'yar zangon Kwatano mai jin Hausa, ta nufo Na Allah idanunta sun yi ja.

Ta ce, "Baba, don Allah ka yi masa magana. Kado ne muka yi masa, kyauta, saboda alherin da ya yi mana. Ya kai shanu arewa, muka dasa ba da saninsa ba don ya dawo ya ji daɗi. Yau ya dawo, yana gani ya hau cirewa, ya ƙi gaya mana dalili."

Ko a nan Na Allah bai saki ba. Zuciyarsa ta ce ƙila Bube ya ji labarin zuwansu ne ya riga su. Amma ya dubi ƙafafun mutumin, ga taɓon hanya har ƙwauri, ga sandarsa da gorar ruwa a yashe, ko gida bai shiga ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Bube ya miƙe yana kaɗe hannu, fuskarsa a sake. "Malam, ka yi haƙuri, yara ne, ba su san..." Sai idonsa ya kai kan dattawan nan biyu da ke tsaye a baya. Ya dube su, ya dubi amininsa, sannan ya tambaye shi.

"Shaidu ka kawo mani?"

Na Allah ya kawar da kansa gefe.

Bube ya ce, "To, tunda sun zo, kada su koma hakanan. Ku shaida, in na cire hatsina bana, na maida ma Malam gonarshi."

Ya sunkuya ya ci gaba da tone itatuwan.