Sai Yaro Ɗaya

Ina cikin shanya 'yar Baba Tela ta leƙo ta katanga ta ce ya cika a asibiti. Na yi salati, na zauna daɓas a gefen bokiti. Allah Ya yafe min, abin da na fara tambaya shi ne, "Sun goge?"

Ta ce ba ta duba ba.

Baba Tela maƙwabcinmu ne. Da idonsa ya daina ganin kafar allura, sai ya sauke kan keken ɗinki, ya ɗora tsohuwar kwamfuta a wurin. A nan ya ci karo da kundin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. A ciki akwai labarin guguwar teku da ta share garinsu yana yaro. An rubuta wai a unguwar masunta babu wanda ya tsira, alhali shi ɗan unguwar ne.

Ya gyara. Washegari wani ya goge, wai a kawo hujja. Ya sake, aka sake gogewa, har da gargaɗin za a hana shi shiga.

"'Yata, ji wani abu," ya ce min ran da na kai masa abinci, yana haki. "Ga ni da raina, da tarina, wai ni ba hujja ba ne."

"To Baba, tura musu tarin mana."

Ya yi dariya har ya sarƙe.

Ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce a kawo shi, ya ƙi. 'Yarsa ta yi faɗa, ta yi kuka. Shi jira yake wata ma'aikaciyar laburare ta turo masa hoton tsohuwar jarida. Ran da hoton ya iso ciwo ya ci ƙarfinsa, ya kasa danna komai. Ni da ban yi nisa a boko ba, ni na zauna. Yana faɗar harafi ina lalube da yatsa ɗaya, motar asibiti na ta hon a ƙofa. Muka ƙara: sai yaro ɗaya da aka tsinta a kan bishiya. Ya nuna min inda zan liƙa jaridar.

"Ki riƙa duba min," ya ce, ana ɗaukarsa a kujera.

Ranar rasuwar, hannuna jiƙe na miƙa wa 'yarsa wayata ta katanga, ta buɗo shafin, ta miƙo min. Na ja, na ja, ina neman layinmu.

Yana nan.

Har yau kowace safiya, kafin in ɗora ruwa, sai na buɗe. Sauran labarin ya fi ƙarfina. Layinmu kawai nake nema, in ɗora yatsa a kai, sannan in kunna wuta.