Kyamarar Lawwali Mai Hoto

Na'Allah mai gyaran agogo ne a Mabera, mutum mai ƙarancin fara'a. Da hantsi wata mata ta shigo shagonsa ta ajiye masa tsohuwar kyamara, irin mai naɗewa, wadda in an buɗe ta fata ke miƙowa kamar zugazugin maƙeri. Kafin ta yi magana ya gane ta. Kyamarar Lawwali ce, abokinsa da ya yi shekaru yana ɗaukar maziyarta hoto a bakin Hubbare. Matar kuwa 'yar marigayi Lawwalin ce, Ashatu.

Ta ce kyamarar na cikin abin da ta gada. Mamurɗin da ke naɗe fim ya ƙi juyawa, fim kuma na ciki, don ta leƙa 'yar jar tagar da ke baya ta ga lamba. Gwaggonta ta gaya mata hoton ƙarshe da babanta ya ɗauka da ita na mahaifiyarta ne. Tana jaririya uwar ta rasu, kuma babu hotonta ko ɗaya a duniya.

Na'Allah ya gwada mamurɗin, ko motsi. Ya ɗana, ya danna maɓallin ɗauka da hannunsa rufe da gilashin, don irin waɗannan sukan kulle har sai an ɗauka. Mamurɗin bai saki ba. Ya kwance murfin sama, ya ɗiga mai a haƙoran, ya duba sifirin. Komai lafiya. Ashe abin da ya riƙe yana can ciki wurin kwarkwaron fim, inda ba a buɗewa a haske, don haske na ƙone hoton da ba a wanke ba.

Ya ɗauko baƙin bargo ya ninka, ya cusa kyamarar da hannuwansa ciki, ya buɗe bayanta yana lalube. Rana na ƙuna a waje, amma cikin bargon sanyi ne kamar na randa. Yatsansa ya taɓa wani tsinke da aka soke a gindin kwarkwaron. Guntun asuwaki ne. Ba faɗawa ya yi ba, da gangan aka cusa shi.

Nan ya tuna. Ranar jana'izar matar Lawwali, bayan an gama yi mata wanka, ya ga Lawwali ya shiga ɗakin da gawar take shi kaɗai, ya fito yana ɓoye wani abu a riga. Daga ranar bai ƙara ɗaukar kowa hoto da wannan kyamara ba.

Na'Allah ba mai zagaye ba ne. Ya gaya mata abin da ya gani da abin da yake zato, cewa hoton gawar ne, ya ƙara da cewa mamaci na da suturarsa, kuma wanda ya soka tsinken nan ya san ya yi laifi.

"Baba, ko gawa ta, Innata ta," in ji Ashatu. "Ban san fuskarta ba."

"Ɗiyata, ita ta yarda ki gan ta hakanan?"

Kayanta ne, don haka ya zare tsinken. Bai kai ga taɓa mamurɗin ba, hannuwansa biyu na riƙe da jikin kyamarar, sai ya ji abin yana juyawa. A hankali, ba gaggawa, kamar mai naɗe zane. Ashatu ma ta ji ƙarar takardar na ja. Ya yi ta'awwuzi a ransa, bai saki ba har ƙarar ta tsaya.

Ya fito da fim ɗin a naɗe tsaf. Ƙanshin kafur ya cika shagon, irin wanda ake sa wa ruwan wanka na ƙarshe, sabo kamar yanzu aka jiƙa. Ya ce mata akwai masu wanke irinsa har yanzu, in ta nema za ta samu. Ya miƙa mata.

Ta karɓa, ta kai shi hanci, ta daɗe a tsaye. Sannan ta fita bakin shagon, tsakiyar rana, ta kama bakin takardar ta warware fim ɗin har ƙarshe. Ta ɗaga shi sama tana kallo, ba komai a jiki sai fari-fari, yana ƙara dushewa.

Na'Allah ya mayar da murfin, ya murza mamurɗin. Yana juyawa sumul. Ya naɗe kyamarar ya tura ta can ƙarshen tebur, nesa da hannunsa.