Shago a Kan Hanyar Ruwa

Shekarar Hammadu birkila talatin yana ɗora bulo a garin Bauchi, kuma bai taɓa gini da takarda ba. Zanen gida a wurinsa abu ne da ake kaiwa ofis a buga masa hatimi, a ninke, a jefa cikin mota. Awo kuwa da taku yake yi da igiya. Haka ya koya, haka ya ga kowa na yi.

Haka ya yi da zanen gidan hayar Alhaji Mahfuz a Gwallameji. Wadda ta zana shi Lilian ce, kowa Injiniya yake ce mata, ta gaji da gaya musu ita zane ne aikinta. Ta bar fili ta gabas, faɗin taku huɗu, ta ja masa shuɗin layi, ta ce ko bulo ɗaya kada a ɗora, nan ne hanyar ruwan da ke gangarowa daga dutse tun kafin a yanka filaye. Hammadu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ruwan ne ya sayi filin, Injiniya?"

Tana juya baya ya ce wa Alhaji shago zai fita a wurin, mai kyau ma, yana kallon titi. Kwana tara ya gama shi, da rani, ƙasa a bushe ƙamas.

Jiya aka yi ruwan Agusta na gaske. Ruwan ya gangaro, ya tarar da bangon shago, ya karkata ya faɗa gidan da ke baya, gidan Baba Amos, tsohon masinjan da ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu ke nan. Ɗaki ɗaya ne na jar ƙasa. Yau da azahar matarsa Mary ta tare Hammadu a bakin gini, zaninta duk taɓo.

"Malam Hammadu, zo ka ga aikinka."

Ya bi ta. Bangon ya jiƙe har gwiwa, ya tsage daga ƙasa zuwa taga, tsagin da hannu zai shiga. Ya danna da ɗan yatsa, yatsan ya nutse. Ba ya buƙatar takarda ta gaya masa bangon nan ba zai ɗauki wani ruwan ba. Tsohon na kwance a gadon da aka ɗora kan bulo huɗu.

"Baba, bari in goya ka zuwa gidana, Fadaman Mada. Akwai ɗaki."

"Da kuɗin sallamata na gina shi," in ji Amos, bakinsa a karkace. "In zai faɗi, ya faɗi da ni."

"Tun safe nake fama," in ji Mary. "Ɗanmu Luke ma ya yi ta roƙonsa a waya daga Jos. Kan nan nasa kamar dutse."

Hammadu ya fito ya dubi gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya lalubo lambar da bai taɓa kira ba.

Lilian ta sauka daga keke da takalmin roba. Ba ta ce ai na gaya maka ba, shi ya fi yi masa ciwo. Ta zaga shagon, ta leƙa ɗakin, ta dawo.

"Injiniya, don Allah, in haƙa lambatu ta bayansa? In jera buhunan yashi? Ko bututu?"

"Malam Hammadu, bututun me zai ɗauki ruwan dutse? Hanya ɗaya ce, kuma kai ka toshe ta. A fasa bangon shagon, na gaba da na baya, daga ƙasa. Yanzu."

Hammadu ya kira Alhaji.

"Ranka ya daɗe, mutum ne a kwance a ɗakin nan."

"Ni na ce ya yi gini da laka? Kai ba kai ka ce shago zai fita ba? Jibi mai kemis zai shigo da kaya. Wallahi ka taɓa mini bulo ɗaya, ofishin 'yan sanda za ka kwana, kuma ba ka ƙara ɗaukar cokalin gini a unguwar nan."

Alhaji ya kashe wayar. Hammadu ya san ba barazana ba ce, rabin aikin Gwallameji ta hannun Alhaji yake bi. Iska ta taso, kwanon ɗakin Amos ya fara kaɗawa. Mary na tsaye a ƙofa, ta dafe bangon da tafin hannu kamar za ta iya riƙe shi.

Ya shiga ma'ajiyar kaya ya fito da guduma.

"Nuna mini wurin."

Lilian ta tsuguna ta ja layi da gawayi. Ya ɗaga ya sauke. Ginin nasa ne, bai yi ha'incin siminti ba, sai a bugu na bakwai bulo ya tsage. Yana tsine wa ingancin aikinsa yana bugu. Yayyafi ya fara, sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Bai gama bangon baya ba jan ruwa ya iso, ya cika shagon har ƙaurinsa, sauran ya fara lanƙwasawa wajen gidan Amos. Mary ta ƙwalla kiran sunan Yesu. Hammadu ya shiga cikin ruwan yana dukan abin da ba ya gani, yana salati, tafinsa ya fashe, ƙotar na zamewa da jini.

Bangon ya buɗe. Ruwan ya ja shi ya zaunar, ya wuce ta cikin shagon da ƙarfi, ya miƙe ya nufi rafi.

Lilian ta leƙo daga ɗakin, jiƙe sharkaf. "Bangon ɗakin yana tsaye. Na yau dai."

Hammadu bai tashi ba. Wayarsa na ta ruri a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa, ya san mai kiran. Ya ajiye gudumar a gefensa inda duk wanda ya zo zai gan ta.