Kwalayen Baba Mai Zane

Kwalin ya faɗo tsakar gida ya fashe, littattafai suka watse har gindin famfo. Mama Tela ta tsayar da keken ɗinkinta ta fito, almakashi na hannunta ba ta ma sani ba.

"Kai, Dogo! Me nake gani haka?"

"Shara nake yi, Mama."

Dogo ɗan Baba Mai Zane ne, tsohon da bango kawai ya raba ɗakinsa da nata. Jiya ya iso, bayan ta gaji da buga masa waya cewa jikin ubansa ya yi tsanani. Ga shi tun bai kwana biyu ba ya fara watsi da kaya.

Kayan kuwa ba na banza ba ne. Baba Mai Zane allunan shaguna yake rubutawa, amma da ya taso aiki sai ya duƙufa yana mayar da labaran Littafi Mai Tsarki hotuna, kowane hoto a ɗan gidansa, maganar kowa a ɗan da'ira bisa kansa. Ya buga, ya ɗinke, ya kai makarantar Lahadi. Da su 'ya'yan Mama Tela suka koyi karatu. Autarta ta daɗe ba ta cin kifi saboda wanda ya haɗiye Yunusa.

"Likita ya ce ƙurar takardun nan ce ta toshe masa ƙirji," in ji Dogo, yana kwance murfin galan ɗin kananzir. "Yau zan raba shi da su."

Ta taka ta tsaya a tsakiyar tarin. "To zuba. Ka fara da zanina."

Tari ya taso daga ɗaki, sannan wata shaƙaƙƙiyar murya: "Wa ke taɓa mini kaya?"

Ta leƙa. Tsohon na kwance an tokare shi da filo, duk ya zabge, idanun ne kawai suka rage da ƙarfinsu. Wurin da kwalayen suke a jikin bango ya yi fari fat.

"Ba kowa, Baba. Gyara ake yi."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, Tela. Ki gaya wa wancan, in zai ƙona, ya haɗa da ni." Ya ja numfashi da ƙyar. "Yana ina ma? Tun safe bai zauna ba."

Ta koma waje ranta na tafasa. Ta tarar Dogo ya tsinci wani littafi ya buɗe.

"Zo ki gani, Mama. Labarin ɓataccen ɗa. Dubi yadda uban ya fito da gudu, har takalminsa ya cire. Dubi runguma! Ranar da aka sallame ni daga aiki na dawo gidan nan da jaka ɗaya, kin san me ya ce mini? 'Matsa, ka tare mini haske.' Wannan shafin yake zanawa!"

Mama Tela ta sani. Ta bango ta ji ranar, ita ce ma ta ba Dogo tabarma ya kwana a shagonta. Washegari ta wanke tsohon tas, ya yi mata gaba har na mako da makonni.

"Gaskiya ka faɗa," ta ce. "Ubanka taurin kansa ya fi dutsen niƙa. To ga shi can, kunnensa na ji. Shiga ka gaya masa! Takarda ce ta yi maka laifi?"

"Ba abin da zan ce masa."

"Amma kana da bakin gaya mini? Matsoraci kawai! Ƙato da kai ka tsaya kana dambe da kwali!"

"Mama, kar ki zage ni. Ke 'ya'yanki ya yi wa zane, ni ban samu ko kallo ba!"

Mutanen gida suka firfito. Matar wani direba ta janye galan ɗin, wani ya riƙe Dogo, shi yana fizgewa, ita tana nuna shi da almakashi, kowa na magana ba mai sauraron kowa. An daɗe ana haka kafin Mama Tela ta ɗaga hannu.

"Ku yi shiru."

Tarin da ya hana ta barci wata da watanni, babu shi.

Ta riga kowa shiga. Kan tsohon ya karkata wajen ƙofa, bakinsa a ɗan buɗe. Ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta rufe masa ido. Hawaye bai zo mata ba. Haushi ne ya cika ta: na tsohon, na ɗan, da na bakinta da ya ƙi mutuwa a tsakar gida alhali mutum na cikawa shi kaɗai.

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa. "Ya yi barci ne?"

"Ka tambaye shi," ta ce, ta ratsa ta gefensa ta fice.

Aka aika a kira fasto. Mata suka tattara littattafan suka jera a barandar Mama Tela. Ita kuwa ta ɗora ruwa, da ya yi ɗumi ta juye a roba, ta haɗa da sabulu da tsumma ta dire masa a gaban gadon.

"Ka goge masa jiki kafin mutane su cika gida."

Da ta dawo kawo farin ƙyalle, ta same shi durƙushe, ya ɗora hannun uban a gwiwarsa. Tawada ta riga ta kama yatsun, ta shige har ƙarƙashin farce. Yana cuɗawa a hankali, yatsa bayan yatsa, ruwan robar yana komawa shuɗi.