Jan Bunsurun Gidan Kawu

Tsoho Kawu ya zaɓi lokacin mutuwarsa kamar mai neman rigima. Sai da shamuwa ta sauka a kan kukokin tabkin Madarumfa, gabas ta fara haɗa hadari, sannan ya miƙe ƙafa. Ya bar gandu mai faɗi a hanyar Safo, da mutum ashirin da uku masu ci daga rumbu ɗaya, da jigo mai baki uku kafe a bayan rumbun. A gindin wannan icen ne tun kaka da kakanni ake yanka wa Kure, iskan gidan, jan bunsuru, a yayyafa wa iri jinin kafin a kai shi gona. Wuƙar yankan kuwa babban ɗa ke gadonta.

Babban ɗan shi ne Abarshi. Shekara huɗu da suka wuce ya bi jakunan gyaɗa zuwa Katsina, ya dawo da buta da sabon suna Mamman. Bai tashi daga gidan Anna masu bautar iskoki ba, ya dai ja danga a kusurwa, ya bar giya, ya auri Hajara daga gidan masu salla. Shi ne a sahun gaba bayan Malam Shu'aibu, shi ne kuma maƙwabta ke kira in za a yanka kaza ko ragon suna, don hannunsa na da sauri. Uban bai taɓa ce masa uffan ba. Muddin tsohon na numfashi, shi ke ji da Kure, ɗan kuma ya ci tuwon gandu hankali kwance, ba wanda ya tambaye shi ko shi na wane ɓangare ne.

Kwana tara da rasuwar, Gwaggo Inde, ƙanwar mamacin, ta shigo kusurwarsa ba sallama. Tsohuwa ce 'yar firit, amma in ta kafe ka da ido sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana goye. Ta ajiye wuƙar a kan tabarmar sallarsa.

"Gobe da hantsi," ta ce. "Iri ba shi hita babu jini."

"Gwaggo, kin san halin da nika ciki."

"Na san ɗan wa kake. Ƙaninka Yaro da sauran ɗiyan gidanga sun ce ba su noma bayan wanda ba shi ciyar da Kure, kan gida. In ka ƙi, kowa shi ja rabonai, a tsaga gandu. Sai ka hwaɗa ma ubanka inda shike kwance kai ka watse mai gida."

Ta fita ta bar shi da wuƙa. Tsoro ya kama Abarshi, tsoro na gaske. Ya yi niyyar zuwa wurin Malam Shu'aibu, har ya saka takalmi, sai ya cire, don ya san amsar tun kafin ya tambaya. Ya leƙa ta danga ya ga ƙaninsa Yaro yana wasa kalmen noma, bai ɗago ya dube shi ba. Wannan Yaron da suka kama tarwaɗa tare a tabki, wanda tsagar fuskarsu iri ɗaya ce, wanzami ɗaya ya yi musu. A ce baɗi war haka ya wuce ta gefen gonarsa su gaisa kamar baƙi?

Hajara ta kawo masa fura, ta ga wuƙar, ta kau da kai. "Maigida, mi za ka yi?"

"Hannu ne zai yanka," ya ce. "Zuciyata tana inda take."

Haka ya yini yana maimaita wa kansa wannan dabara, kuma mutum in yana son abu ba ya rasa hujja. Sau ɗaya ne a shekara. Kalma shida ce kacal, ya sha jin su a bakin ubansa: Kure, ga naka, ka bar namu. Zai faɗe su da leɓe, ya wanke hannu, ya yi istigfari. A sallar la'asar ya tsaya a sahun baya, yana ji kamar kowa na kallon ƙeyarsa.

Da hantsi gidan duk ya hallara a bayan rumbu. An jera ƙoren iri, gero da dawa da wake, an ajiye tulun giya a gindin jigo. Hadari ya taso ya tsaya cak a gabas, iska ko ganye ba ta motsawa. Yaro ya jawo bunsurun, ja wur, ba ɗigon fari a jikinsa, ya kayar da shi ya danne ƙafafun. Ta ramukan danga kuwa ana ganin idanun maƙwabta. Abarshi ya durƙusa, gumi na bin bayansa, wuƙar a hannunsa. Ya kama haɓar dabbar, ya juya wuyanta gabas ba tare da ya lura ba. Da kaifin ya taɓa fata, aikin da ya saba ya karɓe shi.

"Bismillahi, Allahu akbar!"

Da ƙarfi ya faɗa, yadda yake faɗa a kowane gidan suna. Jini ya yi tsartuwa ya wanke gindin jigo. Sai da ya ga Yaro ya saki ƙafafun ya ja da baya sannan ya ji abin da bakinsa ya yi. Ɗan goye ma a gidan Anna ya san iskoki ba sa tsayawa inda aka ambaci wannan suna. An kira Kure cin abinci, an kore shi a bakin ƙwarya.

"Kure, ga naka," Abarshi ya fara.

"Bari," in ji Gwaggo Inde. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta sa aka janye ƙoren iri kada jinin ya taɓa su. Ta zare wuƙar daga hannunsa, ta goge ta da ƙasa, ta miƙa wa Yaro. "Tahi gidan maƙwabcinmu Illo, shina da jan bunsuru. Kai kuma ɗauke wanga, ba namu ba ne."

Abarshi ya saɓa bunsurun a kafaɗa ya fita, jini na ɗiga a rigarsa. Ƙafarsa ta kai shi ƙofar Malam Shu'aibu, wanda labari ya riga ya iske.

"Malam, da sunan Allah na yanka. Ya halatta?"

"A ina ka yanka shi, Mamman?"

Abarshi ya gyara bunsurun a kafaɗa.

"Wa ka yi niyyar ba?"

Malamin ya dube shi da tausayi, ya ce ya kai shi daji ya binne, in ya yi wanka ya dawo su yi magana. Almajiran da ke zaune suka janye tabarma kada jinin ya ɗiga a kai.

Bai kai daji ba, ƙarfinsa ya ƙare. Ya dawo kusurwarsa ya sauke gawar dabbar a gindin danga, ƙudaje suka taru. Hajara ta tsaya a ƙofar ɗaki ba ta matso ba. Daga bayan rumbu ya ji kukan bunsuru na biyu ya yanke, ya ji muryar Yaro ta faɗi kalmomin nan shida ba gargada. Aka jima ƙanshin gashi ya tashi, yayyafi ya fara sauka.

Sai Yaro ya shiga rabon nama yadda Kawu ke yi, yana kiran mutanen gida da suna daga babba zuwa ƙarami, kowa ya amsa ya karɓi tsokarsa. Ya kira Gwaggo Inde, ta amsa. Abarshi ya miƙe tsaye, ya dafa danga, don bayanta shi ne. Yaro ya tsallake shi, ya kira ƙaninsu Sani.