Hannun Dada Lolonyo a Kan Igiyar Taru

Fo Gakpo ne ya tsiraita Dada Lolonyo a gaban baƙi, ba teku ba. Masu cewa ruwa ne ya kwance mata zani su je su faɗa wa wanda bai san garin nan ba. Teku ya san ta tun ba ta iya ɗaura zani ba, kuma bai taɓa yi mata haka ba sai da Gakpo ya rufe mata hanya.

Shi ne mai babban tarun garin. Ya gaje shi wurin ubansa, har da kwalekwalen da igiyoyin. Ya kuma gaji ƙa'idar da ke tafe da su, ko da yake yanzu yana yi kamar bai taɓa jin ta ba: duk wanda ya ɗora hannu a igiya ana jan taru, yana da rabo a kifin. Ƙato ko gurguwa, ɗan gari ko mai wucewa, ba a auna ƙarfin da mutum ya sa. In taru ya fito ka miƙa tasarka, a zuba maka, ka juya ka tafi. Ba a godiya. Wanda ya yi godiya a kan rabon igiya dariya ake yi masa, a ce ko bara ya fito.

Da wannan Lolonyo ta rayu tun da ruwa ya ci mijinta. Wurinta can wutsiyar igiya yake, inda tsofaffi irinta suke riƙewa suna ja da baya a hankali, suna zagin samarin gaba cewa hannuwansu kamar dafaffiyar kuɓewa. Abin da aka zuba mata ta banda shi a murhu, ta ci rabi da akple, tuwon masararsu, rabi ta kai kasuwar Keta. Ba ta taɓa tsayawa ƙofar kowa da tasa a hannu ba, kuma duk garin sun sani, don ita da bakinta take faɗa.

Sai aka gina otel. Katangarsa ta taso daga bakin titi, ta ratsa cikin kwakwa, ta ratsa rairayi, ba ta tsaya ba sai da ta tsoma ƙafa a ruwa. Abin da ta haɗiye kuwa shi ne filin da yara ke buga ƙwallo, da duwatsun da masu fatsa ke zama da yamma, da inda iyalai ke shimfiɗa tabarma ranar Ista, da inda coci ke yi wa mutane baftisma. Waɗannan duk suka yi gunaguninsu suka matsa gaba. Taru ne ba ya matsawa. Ko ina aka jefa shi, ruwa gabas yake jan sa, kuma inda yake fitowa tun kaka da kakanni nan ne yanzu aka jera kujerun kwanciya da lemomi.

Gari ya tura Gakpo ya shiga ya yi magana. Ya shiga da sanda da gaisuwar dattawa, ya fito da damin riguna ruwan ɗorawa. Wai an yarda a ci gaba da fito da taru a ciki, don baƙi suna son kallo, amma sai mai rigar zai shiga, rigar kuma ta ƙatti ce. Tsofaffi su jira a bakin titi, wai za a riƙa tunawa da su. Tunawar ita ce bokitin ƙananan kifi da ake turowa bayan an gama rabo, mata su yi ta wawaso a cikin ƙura. Lolonyo ta je sau ɗaya, ta tsaya daga nesa ta ga ƙawayenta suna ture juna, ta koma gida. Tun daga ranar akple da barkono zalla take ci, in an tambaye ta ta ce kifi ne ya fita ranta.

Ran wata Asabar tana wanke tukunya ta jiyo waƙar jan taru daga bayan katanga. Waƙar ta yi nauyi, ana jan ta a hankali, irin wadda ba a yi sai taru ya cika. Ba ta san lokacin da ta ɗauki tasa ba.

Mai gadin ƙofar Selom ne, ɗan ƙanenta marigayi, magidanci da 'ya'yansa. Yana hango ta ya miƙe ya tsaya a tsakiyar ƙofa, idonsa a ƙasa.

"Tasi, ina kwana," in ji shi, don haka suke kiran goggo.

"Ban kwana ba. Matsa."

Ya ce mata ba shi ya kafa dokar ba. Ya nuna mata wani allo mai rubutu, ta ce allon ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Ta tuna masa lokacin da yake yawo a rairayin nan ba wando, majina har baki, da kifin wa aka cika masa wannan cikin da yanzu ya ɗaure da bel. Ta ce hular da ke kansa ta fi kan girma. Ya tsaya ya shanye duka.

"Tasi, in kin wuce ni, yau za a karɓe rigar gadin nan. Yara uku ne a gida."

Ta dube shi, ta juya. Shi ya ɗauka gida za ta.

Katangar ta bi, tana dafa ta, har inda ta ƙare a cikin ruwa. Tun tana yarinya ta san numfashin tekun nan, ta san in manyan taguwoyi sun wuce yakan ɗan lafa. Abin da ba ta sani ba shi ne katanga ta sauya masa hali, ruwa ya haƙe rami a gindinta. Ta kife tasa a ka, ta tattare zani, ta shiga. Ruwa ya zo gwiwa, ya zo ƙugu, sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafarta. Taguwa ta ɗauke ta, ta juya ta, ta cika mata baki da yashi, ta watso ta a ɗaya gefen.

Da ta ɗago a kan gwiwoyinta, igiyar na wucewa a gabanta, jiƙe, tana rawa don nauyi. Ta kai hannu biyu ta damƙe. Sai da ta damƙe ta ji iska a jikinta ko'ina. Zani ya tafi, tasa ta tafi, ba abin da ya rage mata sai jigidar da ke ƙugunta.

Hannu biyu Allah ya ba ta. Ko ta rufe jikinta, ko ta riƙe igiya. Ta riƙe igiya. Ta miƙe, ta ja da baya taku ɗaya, taku biyu, kamar yadda ta saba.

Waƙa ta mutu a bakin samari. Waɗannan yaran duk ta san iyayensu mata, wasu a gabanta aka yanke musu cibiya. Suka kawar da kai, wani ya saki igiya ya rufe fuska. A tsakaninsu akwai baƙin otel, maza da mata, jikinsu duk mai, sun riƙa igiya da wasa ana ɗaukarsu hoto. Wayoyin da ke kallon taru suka juyo kanta. Wani yaro a cikinsu ya yi dariya, uwarsa ta toshe masa baki. Gakpo kuwa yana tsaye kusa da ita, kusan da zai iya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya jefa mata ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Sai ya tsaya yana kallon rairayi.

Manajar otel ce ta rugo da farin tawul ta lulluɓe ta. A faɗi gaskiya, matar nan ba ta yi mata wulaƙanci ba. Ta ɓamɓare mata yatsu daga igiya a hankali, ta zaunar da ita a inuwa, ta sa aka kawo mata ruwa mai sanyi. Lolonyo ta zauna a kujerar baƙi, yashi a gashinta, tana rawar ɗari cikin rana, tana kallon ƙafafunta.

Taru ya fito cike. Daga inda take ta ga Gakpo yana yi wa baƙi bayanin al'ada yana washe baki, cewa a nan duk wanda ya taɓa igiya yana da rabo. Ya riƙa ɗaga kifi yana miƙa musu, suna riƙewa da yatsu biyu suna ihu, ma'aikata na karɓa suna kaiwa a gasa musu. Ta jira. Ta ce a ranta yanzu zai juyo.

Manajar ce ta zo, da leda cike da manyan kifi da ta ɗiba daga kason otel. Ta miƙa mata tana murmushi. Lolonyo ba ta karɓa ba tukuna, ta dubi Gakpo. Magana ɗaya take jira, ya ce rabonta ne, ta ja igiya.

"Dada," in ji shi, "Madam ta ba ki. Karɓi mana."

Har yau ba ta san abin da ya same ta ba. Ko tawul ɗin ne, ko idanun, ko ruwan sanyin da ta sha. Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna, ta ce ta gode. Da ƙarfi ta faɗa, har sau biyu. Duk samarin igiya sun ji, kuma ba wanda ya yi dariya. Da sun yi dariyar da ta fi mata sauƙi.

Ta ƙofa aka fitar da ita. Selom ya buɗe, ya juya fuskarsa bango.

Ta kwana biyu ba ta leƙa waje ba. Ƙawayenta suka zo, ta ce musu zazzaɓi ne. Selom ya zo da yamma, hula a hannu, ya tsuguna a bakin ƙofa yana ba ta labarin yadda ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su goge hotunan, wasu sun goge. Ta bar shi ya gama.

"Jikin tsohuwa ne, ba wanda bai fito daga irinsa ba," ta ce. "Ka iya goge abin da na faɗa?"

Bai gane ba da farko. Da ya gane ya tashi ya tafi ba sallama.

Kifin ba ta zubar ba, don kifi bai yi mata laifi ba. Ta banda shi tsaf yadda ta iya, ta jera a kwando, ba ta kai ko ƙaya ɗaya bakinta ba. Ta wanke tawul ta ninke.

Ran Talata ba a shiga teku, maza kan zauna ƙarƙashin kwakwa suna ɗinkin taru. Nan ta same su. Tun daga nesa hira ta yanke. Ta ji kamar har yanzu ba zani a jikinta, amma ta ratsa tsakiyarsu ta ajiye kwandon a gaban Gakpo, ta ɗora tawul a kai.

Ya fara zuba. Ya ce ai tuni yake shirin zuwa gaishe ta. Ya ce shi ma abin ya dame shi, bai yi barci ba. Ya ce ta duba zamani, in ba don shi ba da tarun gabaɗaya an hana shi fitowa, kuma yana nan yana magana a samo wa tsofaffi wata dabara.

"Gakpo," ta ce, ba ta sa masa Fo ɗin girmamawa ba. "Hannuna ya taɓa igiya ko bai taɓa ba?"

Ya ce ba a nan matsalar take ba.

"Uwarka a gabana take tsayawa a wutsiya, da kai a goye, lokacin da ubanka ya ƙi ta. Da rabon igiya ta yaye ka. Ka taɓa jin ta gode wa wani? Na tambaye ka, ya taɓa ko bai taɓa ba?"

Ya sunkuya ya ci gaba da ɗinki, zare na kuɓuce masa. A cikin mazan nan babu wanda bai ga hannunta a kan igiya ba, kuma babu wanda ya buɗe baki. Kowa na tunanin rigarsa.

Ta bar kwandon nan ta tafi. Wani ya rataye shi a jikin kwakwa, har yanzu yana nan, ba wanda ya yarda ya kai gidansa, ƙudaje ne kawai ke cin moriyarsa. Ita kuma kullum aka ɗaga waƙar taru sai ta fito da sabuwar tasa ta tsaya a ƙofar otel, ba ta ce wa Selom komai, shi ma ba ya iya dubanta. Ba ta shiga wawason bokiti. Ta rame har jigidar na zamewa.

To, mutanen otel baƙi ne, ba su san wutsiyar igiya ba, a je a gaya musu su buɗe ƙofa ko su rushe abin da suka tsoma a ruwa. Amma Gakpo ya sani. Shi aka aika, shi ya dawo da riguna, shi ya tsaya da mayafi a kafaɗa. Ya fito bakin teku, a gaban samarin da suka ji godiyar nan, a gaban matan da ya mayar masu wawaso, ya faɗa da bakinsa ko hannun Lolonyo ya taɓa igiya. In ya taɓa, ya zuba mata rabonta a tasarta, ta juya ta tafi ba ta ce masa komai ba. In kuwa ya ce bai taɓa ba, to ya faɗa mana ran da aka soke ƙa'idar, da wanda ya ba shi iznin sayar da ita.