Ciwon da Malam Abdourahamane Ya Ɓoye

Ruwaida ta daɗe a jami'ar Bron, gefen Lyon, tana tonon tsofaffin kalmomin Ingilishi da suka shafi hali da jimiri. Wadda ta fi kama mata rai ita ce "thole", wato mutum ya ɗauki wahala ya tsaya a ƙarƙashinta. Da can kowa na faɗinta, yanzu sai tsofaffin arewacin ƙasar Turawan Ingilishi. Har "behave" ta gano asalinta riƙe kai ne. In ta ba mahaifinta, Malam Abdourahamane, wannan labari a waya, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe su ma sun taɓa sanin haƙuri."

Ana gab da ranar da za ta kare bincikenta gaban malamai, yayanta Ilyes ya kira daga Paris. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Baba ya faɗi a magazar ajiyar kaya yana ɗaga kartuna. Ki taho yanzu."

Ta hau jirgin ƙasa. A asibiti ta tarar da mahaifinta kwance, baki ya karkace, ɓarin dama ya mutu. Ya gane ta, ya motsa leɓe, ba abin da ya fito.

Likita ta ce jininsa ya daɗe da hawa, ta tambaya ko bai taɓa kukan ciwon kai ba. Inna Ache, mahaifiyarsu, ta sunkuyar da kai.

"Tun kafin azumi yake fama," in ji ta. "Ya hana ni faɗa. Ya ce kar a ɗaga miki hankali kina karatu."

"Inna, kika yi shiru?"

"Haƙuri ya ce a yi, 'yar nan."

Ruwaida ta fita ta jingina da bango. Shekarunta tana rubutu a kan masu jurewa, tana yabonsu a zuci, ga ɗaya a gidansu yana cinye kansa ba ta sani ba. Abokan sana'arsa, 'yan kasuwar Aubervilliers da ke gefen Paris, suka yi ta zuwa dubiya, kowa na cewa, "Malam mutum ne mai haƙuri." Duk wanda ya faɗa sai ta ji kamar ta rufe masa baki.

Malamarta, Madam Odile, ta ɗage mata ranar kare binciken zuwa kaka. Ruwaida ta yi godiya, amma ba ta koma Lyon ba.

An sallami Malam Abdourahamane yana jan ƙafa, magana ba ta dawo ba. Da hantsi ita ke ba shi kunu da cokali. In ta ga gumi ya keto masa, takan ajiye kofin ta kama hannunsa mai lafiya.

"Baba, ina ke ciwo? Nuna mini, don Allah."

Sai ya dube ta, ya girgiza kai, ya buɗe baki a ƙara masa kunu.